Farin Yadin Ƙasan Akwati

Rigimar ta fara ne a cikin wani kanti a Doha, gaban wata riga mai fukafukai da ƙyalƙyali.

Ummi ta riƙe rigar ta ƙi saki. Mahaifinta Ɗalhatu ya juya takardar farashin ya duba, ya sake dubawa, sannan ya mayar da ita a hankali kamar mai rufe ciwo. Ya ce wa matarsa Haulat ai wannan bikin na ƙarshen Oktoba tashen Turawa ne kawai: yara su yi shigar dodanni, su bi gida-gida a ba su alawa. Shi kuwa duk tashen da ya yi a Gumel da tsumma da gawayi ya yi shi, kuma bai taɓa komawa gida hannu wofi ba.

Haulat ta ce ita ma ba son abin take ba, don dai uwar ƙawar Ummi ta gayyaci Ummin, yarinya kuma ta ƙwallafa rai.

"Abban Ummi, sau ɗaya dai... ka saya mata."

"Ki bar min, ranki ya daɗe. Ni zan haɗa mata kayan da babu mai irinsu."

Ɗalhatu direban motar 'yan makaranta ne, kuma yana son matarsa so na gaskiya. Sai dai irin mazan nan ne namu da man goge baki ba ya ƙarewa a hannunsu sai sun yanka robar sun kwashe na ciki.

Ranar bikin Haulat tana wurin aiki a asibiti. Ɗalhatu ya birkita ɗakinsu na unguwar Mansura yana neman farin ƙyallen da zai yi wa Ummi shigar fatalwa. Zannuwan gadon duk masu fure ne, fatalwa mai fure kuwa ba ta tsorata kowa. Can a ƙasan akwatin Haulat ya ci karo da farin yadi sabo fil, a ninke cikin leda. Har hamdala ya yi. Ya ninka shi biyu, ya sa almakashi ya fitar da ramukan ido. Bai rage tsayinsa ba, don gobe a yi zanen gado da shi.

Ummi ta ce, "Abba, ba na gani sosai." Ya ce ta riƙe da hannu.

Ya kai ta rukunin gidajen da ke unguwar Nu'aija, ya damƙa ta ga uwar ƙawarta, ya dawo bakin ƙofa ya zauna da Moro, maigadin wurin ɗan Gana, suna shan shayi. Bayan magariba wayarsa ta yi ƙara.

Muryar Haulat can ƙasa take, abin da ya fi tsawa ba shi tsoro ke nan.

"Na tarar da akwatina a buɗe. Ga wasu ƙyallaye zagayayyu a ƙasa... Ina yadin?"

Ya fara ba ta labarin dabararsa yana dariya. Ba ta taya shi ba.

"Abban Ummi... likkafanin Inna ne."

Kofin ya suɓuce daga hannunsa.

Inna, mahaifiyar Haulat, tun damina take kwance a Gumel. Da Haulat ta je umra, ita ta roƙe ta ta sayo mata yadi, ta jiƙa shi da zamzam ta ajiye. Haulat ba ta taɓa faɗa masa ba, don duk sanda ta buɗe baki kuka ne ke riga maganar fitowa. Ga shi kuma sunan Ummi na yanka Safiyyatu, sunan Inna ne aka mayar mata.

Ɗalhatu ya san yadi yadi ne, ajali kuma a hannun Allah yake. Ya faɗa wa kansa haka. Amma tuni ya miƙe zumbur.

Ya shiga cikin rukunin da gudu, Moro na biye da tocila. Uwar ƙawar ta ce yanzun nan ta ga Ummi a bayanta. Ta waiwaya, babu Ummi.

Nan Ɗalhatu ya gane ba shi kaɗai ba ne uba mai tsumulmula a Doha. Titin cike yake da fararen fatalwoyi, manya da ƙanana, kowa da bokitin alawa. Ya ɗaga wannan, ɗan Indiya. Ya ɗaga wancan, yaro ya fashe da kuka, uwarsa ta taso masa da Turanci. Yana ba da haƙuri yana kiran sunan 'yarsa.

Haulat ta iso a tasi, ko kayan aiki ba ta cire ba. Ba ta zage shi ba. Ta dube shi kawai ta ce, "Ka lulluɓe min 'ya da likkafani, ka kuma sake ta cikin duhu." Ta wuce tana kira.

Da ta mare shi da ya fi masa sauƙi.

Sai ya tuna tsayin yadin da ya ƙi ragewa, yana jan ƙasa. Ya tuna "Abba, ba na gani sosai." Ya kama hannun Moro ya tambaye shi ko akwai ruwa a wurin nan. Moro ya juya da gudu, suka bi shi.

Tafkin ninƙaya yana bayan gidajen, ƙofar shingensa a buɗe. Hasken tocila ya bi kan ruwan ya tsaya. Wani farin abu na yawo a tsakiya, a baje, ramuka biyu suna kallon sama.

Haulat ta durƙushe a bakin ruwan.

Ɗalhatu, wanda bai taɓa iya ninƙaya ba, ya faɗa ciki da takalmi da waya da komai. Yana salati ya cafko yadin, ya ja, ya wawuri ƙarƙashinsa da hannu biyu. Babu nauyi. Babu kowa. Ya nutsa kai ya lalubi ƙasa, ya ɗago yana tari, sai a lokacin ya lura ruwan iya ƙugunsa ne.

"Abba, wanka kake yi?"

Ummi ce zaune a kan kujerar bakin shinge, baki duk cakulan. Ta ce zafi ne ya ishe ta, ta cire fatalwar, wasu yara suka ɗauka suka jefa a ruwa, ita kuma tana tsoron komawa ba tare da ita ba kar Abba ya ce ta yi asara.

Wannan kalmar ta ƙarshe ta fi ruwan sanyi a jikinsa.

Haulat ta rungume ta tana shinshinar kanta, kukan da ta daɗe tana haɗiyewa ya ɓalle gaba ɗaya. Ɗalhatu ya fito yana ɗiga, ya tsuguna a gefensu da jiƙaƙƙen yadin. Wayarsa ta mutu, kuma ta fi rigar fukafukai tsada nesa ba kusa ba, amma a karon farko a rayuwarsa bai lissafa ba.

"Haulatuna, ki yafe min. Me ya sa kika ɗauki wannan nauyin ke kaɗai?"

"In na faɗa... kamar na yarda za ta tafi ne."

Ya riƙe hannunta. Ba ta janye ba.

Shi ya dage a kira Inna a take, ya faɗa da bakinsa. Ya karɓi wayar Haulat, ya gaida Inna a tsugune kamar tana ganinsa, ya zayyana komai, ya ce ta yi masa aikin gafara, zai je ya sayo wani ya jiƙa da hannunsa.

Sai suka ji wata siririyar dariya mai haɗe da tari.

Inna ta tambaya ko takwararta lafiya. Da aka ce lafiya lau, ta ce to kar a sayo wani, a wanke wannan a ajiye mata. Yadin da yarinya ta shiga ta fito da ranta har da alawa, ita ba ta ga aibunsa ba. Ramukan ma a bar su, ta samu inda za ta riƙa leƙo yadda yake riƙe mata 'ya.

"Amma Ɗalhatu..."

"Na'am, Inna."

"In kana da kuɗin sabon yadi, ka ƙara a kai ka turo min su biyun. Ina so in gan su da idona, tun ba a kai ga ramukan ba."

Haulat ta dube shi, hawaye na bin kumatunta. Ta san mijinta, ta san abin da kuɗin jirgi ke yi wa fuskarsa.

Ya matse ruwan da ke gemunsa.

"Inna, a share musu ɗaki."