Faifan Rabi'atu

Ranar da Hashimu ya fara ganin Rabi'atu, aiko shi aka yi. Amininsa Lurwanu ne ke son ta, amma hidimar alhazai ta riƙe shi a unguwar Tandabawi, sai ya ce, "Ya akhuya, ɗan'uwana, je ka ƙauyensu a Wadi Fatima ka gabatar da ni wurin mahaifinta."

Hashimu ya bi ayarin jakuna. Ya tarar da mata a inuwar dabino suna saƙar kaba. Malam Dawuda, mahaifin yarinyar, ya sa aka kawo masa asida da zuma, an rufe da faifai mai ja da kore. Rabi'atu ce ta ajiye kwanon. Yana ɗaga kai, ya gan ta, ya kasa isar da saƙon Lurwanu.

"Saƙar wa ce wannan?"

"Tawa ce," ta ce a hankali.

"Kya ba ni?"

Ta rufe fuska ta gudu. Ashe a ƙauyen, wanda ya roƙi faifan budurwa aurenta ya nema. Wani mai jaki ne ya gaya masa a hanyar dawowa. Ya ji, kuma bai juya ba.

Ya riƙa komawa, Lurwanu na ta sa masa albarka, a zatonsa aikensa yake yi. Kunya ta hana shi sakat. Ran nan ya ce mata, "Nur aini, hasken idona, ni fa ɗan aike ne."

Ta dube shi. "Faifan kuma wa ya aike ka ka roƙa?"

Da Malam Dawuda ya ji ɗan aike ne ke neman ta wa kansa, ya ce wanda ya ci amanar aboki ba zai riƙe masa 'ya ba.

Hashimu ya je ya durƙusa gaban Lurwanu, ya faɗi komai. Washegari Lurwanu ya tafi ƙauyen da kansa.

"Baba, ni ko sunana ba ta sani ba," ya ce wa Malam Dawuda. "Khalas, shi ke nan, ka ba shi."

Shi ya tsaya wa Hashimu wakili ranar ɗaurin aure. Da aka shafa fatiha, ango ya kama hannunsa, ido ya cika da hawaye.

"Ka yafe min?"

"Na yafe. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a tagari." Ya zare hannunsa a hankali. "Amma kada ka kira ni cin abinci a gidanka tukuna."