'Yar'azumi Da Ƙodar Rilwanu

Ranar Talata, shida ga Satumba, da misalin ƙarfe tara na safe, Ummussalma tana zaune a tsakar gidan mijinta a Haɗejiya, ta jera ƙwayoyin maganinta guda huɗu a kan faranti. Wata bakwai ke nan da aka yi mata dashen ƙoda a Kano. Yayanta Rilwanu ne ya ba ta tasa. Magungunan da take sha don kada jikinta ya ƙi baƙuwar ƙodar su ne kuma suka raunana garkuwar jikinta, ta yadda ciwon da wani zai ci a tsaye, ita sai ya kwantar da ita.

Surukarta Iya tana gefe tana gyaran tarwaɗa, tana jefa wa kyanwar gidan kayan cikin kifin.

"Iya, don Allah a daina ba ta ɗanye," in ji Ummussalma cikin ladabi. "Dokta ta ce..."

"Dokta ta ce, Dokta ta ce," Iya ta tare ta tana dariya. "Shekarata sittin da uku a bakin kogin nan, ban taɓa ganin kyanwar da ta nemi a dafa mata kifi ba. Ko har da magi zan sa mata?"

Sunan kyanwar 'Yar'azumi, fara ce mai baƙin tabo a kunne. Mahaifiyar Ummussalma, marigayiya Hajiya Saudatu, ita ta tsince ta a wani watan azumi shekara biyar da suka wuce, ta rene ta, kuma kafin rasuwarta ta danƙa wa 'yarta amanarta. Ranar da aka kai Ummussalma gidan mijinta Modu, malamin lissafi a wata makarantar sakandare, tare da kyanwar aka kai ta, da ɗan kwanon samira mai shuɗin baki da take ci a ciki.

A wannan damina kogi ya cika ya tumbatsa. Maza, har da Modu, suna can bakin jinga suna jera buhunan ƙasa, ɓeraye kuwa sun baro fadama sun cika gari. Saboda haka Iya ta riƙa buɗe wa 'Yar'azumi ƙofa ta shiga maƙwabta farauta. A safiyar nan kyanwar ta dawo a firgice, tana ta susa. Da Ummussalma ta ɗauke ta, sai ta zabura ta yakushe ta a wuyan hannu. Ummussalma ta goge jinin da gefen mayafi, ba ta wanke ba, ba ta kuma faɗa wa kowa ba.

Bayan kwana goma sha biyu kaluluwa ta fito mata a hammata, zazzaɓi ya rufe ta. Kwana shida ta yi a gadon asibiti a Kano. Ranar da aka sallame ta, mahaifinta Alhaji Zarami, babban ɗan kasuwar shinkafa, ya umarci direba ya wuce da ita gidansa kai tsaye.

Modu ya je ya durƙusa a gaban Alhaji a zaure.

"Modu, mutum ɗaya na ba ka, amma yanzu amanar 'ya'yana biyu ce a hannunka," in ji Alhaji. "Jikin Ummussalma, da ƙodar Rilwanu. Ka sa kyanwar nan a buhu, ka ba 'yan kwale-kwale su ƙetara da ita kamar yadda kowa ke yi. Ranar da ka yi haka, ka zo ka ɗauki matarka."

"Baba, kyanwar Hajiya ce."

"Na fi ka sanin ta wace ce," in ji Alhaji. "Na binne uwar. Ba zan binne 'yar ba saboda dabba."

Aka bar Modu ya shiga ya ga matarsa. Ya same ta ta rame, hawaye na bin kumatunta.

"Malam, laifina ne, ni ce ban wanke ciwon ba," ta ce. "Ba zan ce ka saɓa wa Baba ba. Amma ƙetaren nan yanzu duk ruwa ne, ina za ta taka? Ita kaɗai ta rage mini da hannun Hajiya ya taɓa kullum."

"Salma, ki sha maganinki a kan lokaci," ya ce. "Ba zan ƙetara da ita ba, kuma ba zan bar ki a nan ba."

"Ta yaya za ka haɗa biyun?"

"Ban sani ba tukuna."

A gida ya tarar Iya ta fito da buhu. "Ga shi nan. Wa ya taɓa rasa mata saboda mage? Kada ka sa gari ya yi da mu."

Modu ya karɓi buhun, ya ninke, ya ajiye. Washegari ya kira likitar matarsa, Dokta Adila, a waya, ya buɗe sabon littafin rubutu a kan cinyarsa.

"Malam Modu, ni ban ce a rabu da ita ba," in ji likitar. "Da jaririyar kyanwa ce, ko wadda aka tsinto a titi yanzu, da na ce a'a. Wannan babba ce, an san ta. Matsalar yawon waje ne. A can take kwaso ƙuma, kuma da ƙazantar ƙuma a faratanta ta sa wa matarka wannan ciwo. Ka kai ta wurin likitan dabbobi ya kashe ƙumar, ya yi mata rigakafi, ya rage mata kaifin farata. Ta daina fita, ta daina cin ɓera da ɗanyen nama."

"Kifi fa, Dokta? Mu nan shi ne abincin kowa."

"A dafa. Ka samar mata daro da yashi inda za ta riƙa kashi, nesa da wurin girki. A kwashe kullum, kada ya kwana biyu, domin wata cutar da ke ciki sai ta daɗe a waje take zama mai kama mutum. Kai za ka kwashe, da safar hannu, ba matarka ba. In ta taɓa kyanwar ta wanke hannu da sabulu. Kada ta bari ta lashe mata fuska ko ciwo. In kuma ta yakushe ta, a wanke nan take da ruwa da sabulu, a kira ni. Za ka iya kuwa? Ba aikin sati ɗaya ba ne."

"Zan iya."

Ya karanta wa Iya abin da ya rubuta. Da ya zo kan batun yawon waje, tsohuwar ta sunkuyar da kai.

"Ashe ni na buɗe ƙofar," ta ce a hankali. Da yamma Modu ya gan ta ta ware wata ƙaramar tukunya tana dafa kifi babu gishiri.

Cikin kwana huɗu Modu ya sa raga a tagogi, ya kewaye baranda da waya ta yadda kyanwar za ta sha rana ba tare da ta fita ba. Makon farko 'Yar'azumi ta yi ta kuka a bakin ƙofa, sannan ta haƙura. Kowace safiya, da dawowarsa daga sallar Asuba, yana kwashe yashin, ya wanke hannu, ya rubuta kwanan wata da lokaci. Labari ya kai makaranta. Abokan aikinsa suka riƙa tsokanarsa.

"Ranka ya daɗe shugaban masai na kyanwa, an yi sa hannu yau kuwa?"

"An yi, ƙarfe shida da minti goma," yakan amsa ba tare da jin kunya ba. "In kana son koyo akwai fom."

Kowace la'asar kuwa yana zuwa gaishe da surukinsa. Tambayar ɗaya ce kullum.

"An ƙetara da ita?"

"Ba a ƙetara ba, Baba."

"To, a sauka lafiya."

Bai taɓa yin musu ba, bai taɓa yin ƙarya ba, bai kuma fasa zuwa ba ko sau ɗaya.

Ranar Litinin, ashirin da huɗu ga Oktoba, Rilwanu ya raka ƙanwarsa Kano ganin likita. Dokta Adila ta duba sakamakon gwaji ta ce ƙodar lafiya lau take, sannan ta tambayi inda Ummussalma ke kwana yanzu.

"Gidan Baba, ɗakin da ke kusa da sito."

"Me ke cikin siton?"

"Shanshera ce, shinkafar da ba a casa ba," in ji Rilwanu. "Da ruwa ya taso muka kwaso buhunan daga fadama. Ɓeraye dai sun biyo su, sai haƙuri."

"Akwai wasu dabbobi?"

"Tattabarun Baba kawai, kamar arba'in. Ɗakinsu yana saman tagarta."

"Wa ke share kashinsu?"

"Ni ce," in ji Ummussalma. "Don kada in zauna haka nan ba aiki."

Dokta Adila ta ajiye bironta. Ta bayyana musu cewa ƙurar busasshen kashin tattabaru tana iya ɗauke da cutar da ke shiga huhu har ta kai ƙwaƙwalwa ga mai raunin garkuwa, fitsarin ɓera kuma na iya ɗauke da wadda ke taɓa ƙoda. "An raba ki da kyanwa ɗaya da ake kula da ita, an kai ki tsakiyar abin da ba wanda ke kula da shi," ta ce.

Rilwanu ya samu mahaifinsu bayan sun dawo. "Baba, tunda da sunan ƙodata ake wannan magana, a ba ni izini in ce wani abu." Ya faɗa masa duk abin da likita ta ce, bai ƙara ba, bai rage ba. Alhaji ya daɗe yana kallon tattabarunsa. Nan take ya sa aka mayar da Ummussalma ɗakin gaba, amma bai ce komai game da Modu ba.

Ranar Alhamis, kwana talatin da uku da raba ma'auratan, Alhaji Zarami da Rilwanu suka yi sallama a gidan Modu ƙarfe shida da rabi na safe, ba tare da sanarwa ba. Suka tarar da shi sanye da safar hannu yana zuba sabon yashi a daro. Iya tana tsame kifi daga ƙaramar tukunya.

"Sannu da zuwa, Alhaji," ta ce. "Kun same ni ina wa gimbiya girki. Da tsufana na zama kukun mage."

Alhaji ya duba ragar tagogi, ya taɓa wayar baranda, ya karɓi littafin. Ya bi shi layi-layi da yatsa. Babu ranar da aka tsallake. A lokacin idonsa ya faɗa kan kwanon samira mai shuɗin baki. Shi ya sayo wa Hajiya Saudatu shi. 'Yar'azumi ta bar kifinta, ta tako ta goga kanta a ƙafarsa kamar yadda take yi a gidansa a da. Ya sunkuya ya shafa bayanta, ya juya fuska ya share ido da hannun riga.

Modu ya matso da buta da sabulu. "Baba, ga ruwa."

"Har ni?"

"Kowa, Baba. Dokar gidan ce."

Alhaji ya miƙa hannuwansa ya wanke sosai, yana murmushi. "Sau talatin da biyu ka ce mini ba a ƙetara ba. Da ka ce an ƙetara, ka ɓoye ta a wani gida, da ban sani ba." Ya dubi ɗansa. "Rilwanu, ƙodarka ce. Me ka ce?"

"A nan ta fi samun tsaro, Baba."

"To, je ka ɗauko ƙanwarka. Tattabaru kuma a mayar da su gona yau."

Kafin azahar Ummussalma ta shigo gidanta. Ta durƙusa ta gaida Iya, ta ɗora 'Yar'azumi a cinya ta shafa ta, sannan ta tashi da kanta ta nufi buta da sabulu. Modu yana tsaye yana kallonta da littafinsa a hannu.

"Malam, wannan ma sai an rubuta?"

"An riga an rubuta," ya ce. "Sha biyu da minti ashirin, matar gida ta dawo."

Mai karatu ya lura: dukan mutanen gidajen nan biyu son Ummussalma suke yi. Iya ta buɗe ƙofa da kyakkyawar niyya, Alhaji ya rufe tasa da kyakkyawar niyya, kuma kowace ta kusa jawo hasara, domin ba a tambayi masu ilimin abin ba. Wanda ya tsare amanar shi ne wanda ya tambaya, ya girmama babba ba tare da ya yi masa ƙarya ba, ya kuma durƙusa kowace safiya ya yi aikin da ake masa dariya a kansa. Yau shekara uku ke nan, ƙodar Rilwanu tana aiki, kuma Modu yana kan littafinsa na biyar.