Murja da Malamin Give Up

Ran da Ashafa ya fara ganin Murja, zagi ya sha. Sabon malamin Turanci ne da aka turo Mawashi daga Kankiya shekarar da aka buɗe firamare kyauta, kekensa ya bi ta kan gyaɗar da ta shanya.

"Boko ya cinye maka ido ne?" in ji ta.

Shi kuwa bawan Allah, nan take ya kamu da sonta.

Murja ta tsane shi, har ƙarar kekensa ta tsana. Ga ajinsa a gindin tsamiya daf da rijiyarsu, kullum tana jin yara suna rerawa: "Give up, daina! Give up, haƙura! Give up, miƙa wuya!" Ta ɗauke kalmar tsaf. Duk ran da ya zo zance, daga bakin zaure take jefa masa: "Malam, give up."

"Tauraruwata, ni koyar da ita nake, ba na aiki da ita."

"Tauraruwar gidanku."

Babanta Malam Lawal ya fi ta zafi. Ya ce mai son ɗiyarsa ya kawo gayya gona, in ba haka ba Gajere, wani mai nemanta, zai ba wa ita. Gajere ya zo da samari har da makaɗi. Ashafa fa? Wa zai bi mutumin da ya kwashe musu yara daga gona zuwa makaranta? Shi kaɗai ya zo da aron hauya, ya duƙa, ya share ciyawa har da waken da aka shuka tsakanin gero.

"Ka kashe mini wake, ɗan banza!" Malam Lawal ya daka masa tsawa, gona ta ɗauki dariya.

Bai tafi ba. Ya tsuguna yana mayar da waken rami ɗaya bayan ɗaya, tafin hannunsa duk ya fashe. Murja na tsaye da ƙwaryar furar 'yan gayya a ka. Haushi ya kama ta, amma wannan karon ba nasa ba. Ta ratsa samarin Gajere, ta dire furar a gabansa. Kowa ya san abin da hakan ke nufi.

"Sha, mai taurin kai."

Malam Lawal ya yi fushi har kaka, sannan ya sauko, aka ɗaura aure.

Da aka kai ta ɗaki, Ashafa ya ce, "Amarya, wa ya yi give up?"

Ta harare shi. "Ni ce. Amma ka sake taɓa gonar Baba ka gani."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.