Kuskuren da Nilufar Ta Gano

A ajin lissafi na wata jami'a a Shiraz Siyawash ya fara ganin Nilufar. Yana gaban allo yana zana wata siffa mai kama da darduma, rami cikin rami ba iyaka, sai ta ce daga baya, "Malam, ka tare mana allo."

Shi ke nan fa, ya kamu.

Digirinsa na uku a kan wannan siffar yake, wadda ke bayyana a iyakar wasu rukunan lissafi. So yake ya tabbatar da iya yadda za a matse girmanta ba tare da ta yage ba. Shekaru ya kwashe a kai.

Da shi da danginsa suka je neman aurenta da furanni, mahaifinta Agha Bahram ko murmushi bai yi ba. "Ka zama dakta ka dawo. In ba haka ba, ɗan yayana, wanda likita ne, yana jira."

Gab da ranar da zai kare aikin digirin a gaban malamai, ya ba ta ta karanta. Wayyo! A tsakiya ta ga mataki ɗaya da bai tsaya ba, kuma komai a kansa ya rataya. Malamansa ba su lura ba. In ta yi shiru, aure ya tabbata.

Ta kasa cin abinci. Daga ƙarshe ta tura masa saƙo: "Hasken idona, duba inda ka haɗa zobban nan na siffar. Bai yi ba. Ka yafe mini."

Ya amsa: "In likitan kike so, ki faɗa kawai."

Wannan magana ta ƙona ta ƙwarai.

Ranar kare aikin, zaure ya cika, Agha Bahram na gaba cikin sabuwar kwat. Siyawash ya miƙe, duk ya rame. "Hujjata ta karye. Nilufar ce ta gano. Na janye."

Digiri ya tafi, aikin da aka yi masa alkawari ya bi shi.

A waje ya same ta. "Nilu, na zalunce ki."

"Ka zalunce ni mana," ta ce, tana share hawaye. "Zo mu tafi."

Sai da shekara ta zagayo uban ya sauko. Dangi rabi suka ƙi zuwa ɗaurin auren. Liman ya tambayi amarya ko ta yarda har sau biyu ta yi shiru, yadda aka saba a al'adarsu. A na uku ta dubi mahaifinta.

"Ba dakta ba ne," tsohon ya ce. "Amma na ga ya zaɓi kunya a kan ƙarya. Amsa, 'yata. Allah Ya yi muku albarka."