Guntun Ƙarfe Na Bakwai

Da hantsi aka kira ofishin 'yan sanda daga masana'antar da ke ƙera sassan jirgin ƙasa mai lantarki, aka ce an yi sata a ɗakin gwaji.

Sufeto ya tarar da akwatin ajiya a buɗe, kwaɗon lafiya lau. Guntayen ƙarfe shida ne a jere, kowanne bai wuce ɗan yatsa ba. Gurbi na bakwai babu komai.

"A kan wannan ɗan abin aka taso ni?"

"Yallaɓai, shekara tara Injiniya ya yi yana haɗa wannan ƙarfe," in ji manajan masana'antar. "Gobe za a sa hannu a fara sa shi a jirage."

Sufeto ya sosa ƙeya. Ga kwamfutoci, ga wayoyin tagulla, ɓarawo bai taɓa ko ɗaya ba.

Matar da ke gwajin, wadda suke kira Malama, ta nuna masa injin. "Muna goga ƙarfen a kan wannan faifai mai juyawa, mu auna yadda yake cinyewa. Shida ana goga su babu wuta. Na bakwai ne mai lantarki."

"To mene ne bambancin? Guga ai guga ce."

"Da wuta wani lokaci ya fi santsi, amma ya fi saurin cinyewa. Wurin gugar yakan yi zafi, tartsatsi ya riƙa ƙwaƙule shi."

"Ya fi santsi, kuma ya fi cinyewa?" Sufeto ya rubuta, ya soke, ya sake rubutawa. "Kin ga yadda na bakwai ɗin ya fito?"

"Ban gani ba." Ta kau da kai.

Injiniya dattijo ne mai furfura. Ya ce, "Ba a ma gwada na bakwai ba. Jiya wuni aka yi babu wuta."

Sufeto ya koma gaban injin, kansa ya ɗaure. Ya shafa faifan, yatsansa ya fito baƙi. Ga ɗigon ƙuna zagaye da shi.

"Malama, guga kawai tana yin wannan?"

Ta ce, "Sai da wuta. An gwada na bakwai. Injiniya kawuna ne, yallaɓai. Shi ya koya mini aikin."

Injiniya bai yi musu ba. Ya buɗe gidan tabaraunsa, ya zazzage guntun a tafin Sufeto. Duk ya rarake kamar gara ta ci shi.

"Awa uku kawai ya yi," ya ce. "Na so na jefar da shi, na kasa."

"Da an sa hannu fa? Mutane ne za su hau jiragen."

"Na sani."

Manajan ya ruga ya ɗauki waya don a dakatar da sa hannun. Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya riƙe hannun dattijon zuwa mota, ya waiwayo.

"Oga, me zan rubuta? Ya saci abin da shi ya ƙera?"

"Rubuta sata tukuna," in ji Sufeto. "Sauran sai Malama ta sake yi mini bayani."