Mai Idon Zuma

A wani gari, can da, aka haifi yarinya mai ido kala biyu, ɗaya baƙi, ɗaya ruwan zuma. Nan take masana suka yi yawa. Wasu suka ce mage uwarta ta kalla tana da ciki, wasu suka ce aljanu ne. Kakarta ta ce gado ne kawai, amma wannan bayani bai burge kowa ba.

Yara ba sa gaɗa da ita. Kullum daga nesa take kallo.

Ran nan suka kira ta. "Ke mai idon mage! Duba mana da na zuman, tsohuwar can mai daka ita kaɗai mayya ce? Ki ce e, mu sa ki a gaɗa."

Tana son gaɗar nan ƙwarai. Ta rufe baƙin ta duba, ta rufe na zuman ta duba.

"Duk abu ɗaya suke gani. Tsohuwa ce, ta gaji."

Suka watse suka bar ta.

Ta jima a tsaye, sannan ta matsa. "Sannu, Iya. Akwai wata taɓarya?"

"Akwai, 'yar nan. Ta daɗe a jingine."