Burodin Lahadi

"Ya sani fa."

Abin da Pinja ta raɗa mini ke nan, ina kwance a kan rairayi, idanuna a rufe, da wata 'yar tasar tagulla a kan cikina.

Ban motsa ba.

Saura 'yan kwanaki bikina. Ƙawayena suka sato ni da safe kamar yadda ake yi wa kowace amarya, suka ɗora mini kambun roba, suka kawo ni tuddan rairayin Kalajoki. Wai wankan sauti a hamada. Hamadar da kana ɗaga kai za ka hango teku da mai sayar da askirim! Aka jera mu a kan barguna kamar kifin da aka shanya, wata mata mai fararen kaya tana zagaya mu tana kaɗa tasoshi, tana cewa mu bar sautin ya ratsa mu. Aminiyata Vilma har ta fara shessheƙa. Ni kuwa ban ji komai ba. Dama watanni ke nan yatsun ƙafata da na hannuna kamar na aro.

Pinja ta ƙara matsowa.

"Burodin da Sirkka take gasa miki duk Lahadi... a akushin gidan take kwaɓa shi. Da saiwar gidan. Kuma angon naki ya sani."

"'Yan mata, a yi shiru," in ji mai fararen kaya.

"Don me kike faɗa mini yanzu?" na tambaye ta, ban buɗe ido ba.

"Tausayinki nake ji, 'yar uwa."

Ƙarya take yi. Pinja ba ta taɓa jin tausayin ko kyanwa ba. Tun tana budurwa take aiki a gidan burodin su angona Aatos, ita ya fara nema kafin ni, kuma har gobe ita ce 'yar gaban goshin mahaifiyarsa Sirkka. Da ba don ita ce mai babbar mota ba, Vilma ba za ta gayyato ta ba. Na san dalilinta sarai. Na kuma san gaskiya ta faɗa.

Ina da ciwon siliyak tun ina ƙarama. Alkama, sha'ir, da hatsin da ake baƙin burodinmu da shi, ko ɓurɓushinsu ya shiga cikina sai ya ci mini hanji a hankali. Ba lallai na yi amai ko na faɗi ba, shiru yake aikinsa. Sai ga shi duk mazan garin nan na rasa wanda zan so sai ɗan masu gidan burodi.

Ranar da Aatos ya fara kai ni gida, Sirkka ta dube ni sama da ƙasa.

"Matar da ba ta cin burodinmu? To me za ta ci, katako?"

A gidan akwai wani ƙaton akushi tun na kakar kakarsa. Ba a taɓa wanke shi ba. Tsamin ƙullun da ya kama jikin itacen shi ne saiwa, shi ke tayar da kowane sabon kwaɓi, kuma matar babban ɗa ake miƙa wa shi. Sirkka ta daɗe ba ta ko kiran sunana, "yarinyar nan" take cewa. Sai wata Lahadi ta ajiye wani ɗan burodi a gabana, ta ce na garin shinkafa ne da na tattari, wata ƙwaya da ba ta cutar da masu ciwona, don ni kaɗai ta gasa. Na ci, na yi kuka a teburin. Tun daga ranar ba Lahadin da ban ci ba.

Daga nan gajiya ta fara, gashi ya fara zuba, yatsu suka mutu.

Na ɗauke tasar daga cikina, na ajiye a kan bargon, na tashi.

"Kerttu! Ina za ki? Ba a gama ba!" Vilma ta biyo ni tana share hawaye.

"Ba ni makullin motarki."

Da kambun robar a kaina na shiga gidan burodin ta ƙofar baya. Sun rufe shago, Sirkka tana goge tebur, Aatos yana share ƙasa. Yana ganina ya washe baki.

"Zinariyata! Sun sako ki tun yanzu? Ko tasoshin ne suka..."

"Sirkka, a ina kike kwaɓa burodina?"

Ta ci gaba da goge teburinta.

"A inda ake kwaɓa burodi mana."

"A akushin?"

"Haba Kerttu, garin naki ne tsaf, da hannuna nake sayo shi. Saiwar kawai nake sa wa, ko cokali ba ta cika ba. Burodin da ba saiwa ai ba na gidan nan ba ne, soso ne. So nake ki ci abin gidanmu, ki zama tamu. Laifi ne?"

Ba mugunta a fuskarta ko kaɗan. Da akwai, da na fi samun sauƙi.

Na juya wajen Aatos. Tsintsiyar tana hannunsa, ya ƙanƙame ta.

"Tun yaushe ka sani?"

"Zinariya, bari mu fita waje..."

"Tun yaushe?"

"Tun lomar farko." Muryarsa ta yi ƙasa. "Na gutsura, na ji tsamin. A cikinsa na tashi, ko a barci zan gane shi."

"Amma ba ka faɗa mini ba."

"Ranar ce fa Mama ta fara kiran sunanki! Kina kuka, tana shafa bayanki... ta yaya zan buɗe baki? Na ce a raina mako mai zuwa zan faɗa. Makon ya zo, na ce na gaba. Na ce ai ɗan kaɗan ne, ƙila ba zai yi komai ba..."

"Kai ka raka ni wajen likita, Aatos."

Ya jingina tsintsiyar da bango. Na ci gaba.

"Kana riƙe da hannuna ta ce hanjina bai warke ba, wai ko ina cin wani abu a ɓoye. Har dariya ka yi. Kai ka taya ni zubar da kayan ƙamshin girkina. Kai ka sayo mini sabon katakon yanka. Har jan bakina muka jefar, ka tuna?"

"Na tuna."

Na jira fushi ya zo. Na jira hawaye. Ba wanda ya zo, sai ƙafafuna da suka gaji da tsayuwa. Na cire kambun na ajiye musu a kan tebur, na ce musu sai an jima, kamar wadda ta zo sayen biskit.

Kwanakin da suka biyo baya na yi su ne a kicin ɗina. Nan ne kaɗai wurin da na san abin da ke cikin kowane gwangwani. Na dafa dankali, na gasa kifi, na ci ban ji ɗanɗano ba. Waya tana ta ƙara. Mai ɗinki ta kira, mai furanni ta kira, mahaifiyata ta kira ta ce kowane namiji yana da wautarsa, kar na rusa rayuwata a kan cokali guda. Pinja ma ta turo saƙo, wai tana tare da ni. Ban ko ji haushinta ba.

Ana gobe biki, da hantsi, aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Aatos ne. Ya aske gemunsa, kayan jikinsa sababbi har da karin shago, ya rungumo wani abu a cikin farin tawul.

"Na yi wanka sau biyu," ya ce. "Ba gari a jikina ko ƙwaya. In shigo?"

Na matsa masa.

Ya zauna a bakin kujera. Idanunsa sun faɗa, hannuwansa sun yi jawur.

"Na bar gidan burodin, Kerttu. Kuma na wanke akushin."

"Ka yi me?"

"Da tafasasshen ruwa da sabulu. Na kankare shi har sai da itacen ya yi fari. Saiwar ta mutu. Mama ta zauna a ƙasa tana kallona, tun ranar ba ta ce mini uffan ba."

"Wa ya sa ka?"

"Don ki san na zaɓe ki!"

"Akushin bai yi mini komai ba, Aatos. Shi ba shi da baki."

Ya sunkuyar da kai. Na hango tsohuwar nan a raina zaune a ƙasa, na ji wani abu ya ɗan motsa a ƙirjina, can nesa, sai ya sake kwanciya.

Ya buɗe tawul ɗin. Burodi ne, da sauran ɗuminsa.

"Sabuwar saiwa na tayar, da garin tattari zalla, a sabuwar kwalba. A kicin ɗin abokina na gasa, wanda ba ya ko ajiye fulawa. Sabon faranti, sabon cokali, komai sabo. Tamu ce, ni da ke. 'Ya'yanmu za su gada..." Muryarsa ta karye. "Zinariyata, ki yafe mini. Ki ci ko loma ɗaya, gobe mu tafi coci."

Na ɗauko wuƙata na yanka. Ya tashi da kyau, gaskiya, ban taɓa ganin na tattari ya tashi haka ba. Na shafa man shanu, ya fara narkewa. Ƙamshin ya cika kicin ɗin.

"Akwai wani abu a ciki?"

"Babu. Na rantse da raina, babu!"

"Na yarda."

Kuma na yarda ɗin. Na san yau kam ba zai yi mini ƙarya ba. Na ɗaga yankan har kusa da haɓata, sai hannun ya tsaya. Na ce wa hannun ya ƙarasa, ya ƙi. Ina son mutumin nan, har a lokacin ina sonsa, amma na hango teburin gobe da na jibi da na shekaru masu zuwa, kullum shi zai miƙo, ni kuma na dubi fuskarsa kafin na dubi faranti.

"Kerttu..."

"Ka san yadda nake sayayya," na ce. "Duk abin da na ɗauka sai na juya bayansa na karanta. Tun ina 'yar firamare nake haka. Kai kaɗai ne ban juya ba."

"To juya ni yanzu! Tambaye ni duk abin da kike so!"

"Na gaji da karatu, Aatos."

Ya daɗe yana kallon hannuna, ko zai motsa. Man ya gangaro ta tsakanin yatsuna, ina ganinsa, ban ji ɗuminsa ba.

Na mayar da yankan inda na yanko shi, na naɗe tawul ɗin yadda ya kawo, na ɗora masa a cinya.

"Kai wa Sirkka," na ce. "Kar ya lalace, burodi ne mai kyau."